Haƙƙin da Ya Rage a Wayar Ni'imatu

Ranar da aka sallaci 'yata Ni'imatu a ƙofar gidanmu a Gumel, ina daga ɗaki na jiyo muryar yayana, Malam Rabe, yana sanar da jama'a cewa duk mai wani haƙƙi a kanta ya zo wurinsa, ya ɗauke mata. Ba wanda ya zo. Na ce alhamdu lillahi, ta tafi ba nauyin kowa.

Washegari da hantsi sai wayarta ta yi ƙara a ƙarƙashin filo. Na duba, na ga rubutun Turanci da wata jar alama. Washegari ma haka. Kullum haka.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma na san aikinta, don a gabana take yi, a kan tabarma. Wani kamfani ne a Kano yake da manhajar da shagunan magani ke aiki da ita. Duk gyaran da aka yi mata sai an gwada kafin a saki, kuma na'ura ce ke gwajin, irin wadda suke kira AI. Ni'imatu ke rubuta wa na'urar bayani: ga inda gwaje-gwajen suke, ga yadda za ki buɗe su, ga inda za ki sa wanda ya ci da wanda ya faɗi. Inda bayanin bai kai ba, sai na'urar ta tsaya cak, ta aiko mata da tambaya.

To ga shi tana ta tambaya, mai amsawa tana ƙasa.

Abinci ya daina shiga min. Na hau a-daidaita zuwa tasha, na shiga motar garin Sule Tankarkar, na sami Yaya Rabe a zaurensa na miƙa masa wayar.

Na ce, "Yaya, kai ka ce ka ɗauke mata. Ga mai binta nan."

Ya riƙe wayar nesa da ido kamar za ta cije shi. "Murja, wannan mutum ne ko ƙarfe?"

"Ƙarfe ne, amma aikin mutane ne ya tsaya."

Ya miƙo min wayar. Sannan ya ce, "In amana ce aka ba ta, amana ce. Ni dai da baki na ɗauka, wannan abin kuwa bai halarci jana'iza ba. Nemo wanda yake jin maganarsa."

Sai na kira Joyce, 'yar Malam Hezekiah da ya yi aiki a sakatariya. Tare suka taso da Ni'imatu, tare suke aikin. Ta zo da kwamfutarta, ta tsaya a bakin ɗakin Ni'imatu ta kasa shiga, sai da na kama hannunta.

Ta karanta saƙon. Ta ce, "Umma, tambaya ɗaya ce take maimaitawa. Akwai gwajin da yake ci yau, gobe ya faɗi. Tana so ta san ko ta sake gwadawa ne, ko ta dakatar da komai. Ni'ima da hannu take amsa mata, ba ta kai ga rubuta wannan shafin ba."

"Me take ce mata?"

"Ban sani ba. Wataran ta ce a sake, wataran ta ce a tsaya. A cikin kanta abin yake."

Na ce, "Idan kin rubuta ba daidai ba, aka ba wani maganin da ba nasa ba fa? Wa za a tambaya gobe kiyama?"

Ta dube ni, idonta ya yi ja. "Ni za a tambaya, Umma. Ni zan rubuta."

"Na'urar ta san haka?"

"Ita abin da aka rubuta kaɗai ta sani. Ta fi Ni'ima taurin kai."

"Babu wanda ya fi Ni'ima taurin kai," na ce. Muka yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Ta wuni tana bugawa. Na dafa mata wake da shinkafa, ba ta ci ba sai da na yi faɗa. Da la'asar ta fassara min abin da ta rubuta: in gwaji ya faɗi, a sake sau ɗaya, in ya kuma faɗuwa, a dakata, kada a saki komai, a nemi mutum.

Na ce, "Wane mutum?"

Ta nuna min layin. Sunan 'yata ne a wurin. Wannan ko da Turanci ne ina gane shi.

Ta ce, "Sai na goge shi na sa nawa. Kin yarda?"

Na san daga ranar ba abin da zai sake neman Ni'imatu a duniyar nan. Na ce, "Ki faɗa da baki tukuna, in ji."

Ta gyara zama. "Duk abin da ya rage a kan Ni'imatu na wannan aiki, ni Joyce na ɗauke mata."

Na ce, "Goge."

Da gari ya waye na zauna da wayar a cinya har rana ta take. Shiru. Tsoro ya kama ni ko wani abu ne ya lalace, na kira Joyce.

"Na'urar ta tambaye ki?"

"Ta tambaya, Umma. Na amsa."

Na ce Allah Ya yi mata albarka, ta gaishe da mamanta. Na aika wa Yaya Rabe cewa an sauke nauyin. Sannan na shiga ɗakin 'yata na fara ninke kayanta, waɗanda tun rasuwar na hana kowa taɓawa.