Kifin da Noriaki Bai Ci Ba

Tun da aka kwantar da ɗana Noriaki a asibiti, sashen masu barin giya, bakinsa ya koma na wata. "Hatanaka ta ce in riƙa tafiya da safe." "Hatanaka ta ce yunwa da fushi su ke kai mutum ga kwalba." Hatanaka nas ce, 'yar siririya, na tabbata na koyar da sa'o'in uwarta. Shekara ashirin ina gaya masa ya ci abinci kafin ya fita bai ji ba, ita ta faɗa sau ɗaya ya zama karatu. Ni na riƙa ɗago shi daga bakin ƙofa, ni na wanke amai, ni na ba maƙwabta haƙuri. Ita kuwa tawul mai ɗumi ta taɓa ɗora masa a goshi lokacin da jikinsa ke karkarwa, har yau yana ba da labarin tawul ɗin.

Da sallama ta matso, aka tara mu iyalai a wani ɗaki. Za a bar kowane majiyyaci ya kwana gida sau ɗaya don gwaji. Bayan haka Noriaki zai zaɓa, ko ya dawo wurina, ko ya koma gidan da tsofaffin mashaya ke zama tare a bayan asibitin. Hatanaka ta ce mu fitar da duk wata giya daga gida, har wadda ake ajiye wa mamata, har mirin, giyar nan mai zaƙi da muke girki da ita.

Na ɗaga hannu. "'Yar nan, ilimin sinadarai na koyar har na yi ritaya. In mirin ya sha wuta, yawancin giyar tururi take bi. Abin da ya rage bai isa ya bugar da kyanwa ba."

"Haka ne, Malama," in ji ta, har da rusunawa. "Amma a daure a cire."

Ladabin nan nata ya fi komai ƙona min rai. Da ta yi musu da na kayar da ita.

Na zubar da giyar baƙi. A teburin mamatanmu na ajiye wa mahaifinsa shayi, na ce ya yi haƙuri, umarnin nas ne. Mirin kam na bar abina. Kifi da citta da ɗan mirin da baƙin ruwan waken soya mai gishiri, a bar shi a wuta har romon ya yi sheƙi, shi ne abincin da Nori ke lashe kwano a kansa tun yana ƙarami. Wannan dai Hatanaka ba ta da shi.

Ya iso da rana, ya yi ƙiba, ya yi aski. Ya gaida hoton mahaifinsa, ya zauna, na ajiye masa kwano. Ya ɗauki tsinken cin abinci, ya sunkuya, sai ya tsaya.

"Inna, kin sa?"

"Na sa me? Ci abincinka."

"Inna."

"Cokali biyu. Ya tafasa har ya gaji. Kai da ka sha abin wanke baki don neman maye, yau kifi kake tsoro?"

Ya yi 'yar dariya, ya ciro waya. A gabana, a kan teburina, ɗan da na haifa ya kira wata ya tambaye ta ko ya ci girkin uwarsa. Ya ma buɗe muryar don in ji.

"A lissafi Malama ta fi ni gaskiya," in ji Hatanaka. "Ni ba zan ce ka ci ko kar ka ci ba. Kai me kake ji?"

"Yawuna ya tsinke," ya ce. "Amma ba don kifin ba."

"To ka sani ke nan. Ka gaishe min da Malama."

"Tana jin ki. Ga ta nan ta haɗe rai kamar za ta ba da sakamakon jarrabawa."

Ya ture kwanon a hankali, ya zuba wa shinkafarsa shayi, ya ci da kokwamba mai gishiri. Ya ce ta yi daɗi. Na cinye kifin ni kaɗai, kason mutum biyu, ina kallonsa, don kar a ce ya lalace.

Washegari na sake dafawa da sukari zalla. Romon ya fito salam, ba sheƙi, ba komai. Ya cinye tas, ya wanke kwanonsa, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce gidan bayan asibiti zai koma.

"Ita ta ce, ko?" Na riga na shirya abin da zan je in gaya mata a gaban shugabanta.

"Hatanaka? Ai ita gida take so in dawo. Ta yi ta fama da likita a kan haka. Ta ce ba ta taɓa ganin uwar da ta tsaya wa ɗanta kamar ke ba." Ya sosa ƙeya. "Ni na ce a'a. A gidan nan, Inna, ko ƙamshin kicin tuna min yake yi. Ba kifin jiya kaɗai ba."

Na tsaya riƙe da tsumma. Ashe yarinyar nan a ɓangarena take tun farko, kuma a bayan idona yabona take yi. Ban nemi hakan a wurinta ba, kuma ban ji na gode ba.

A bakin ƙofa ya ce ranar Asabar ana barin iyali su kawo abinci. "Ki yo da ɗan yawa. Tana leƙo mu ranar Asabar, na ba ta labarin kifinki."

"Mai sukarin za ta ci," na ce. Na miƙa masa lemarsa, don hadari ya haɗo.