Zarton da Ke Ja Hagu

"Yaya Dogo, ka kashe injin nan ko na awa ɗaya ne," in ji Auta. "Baba bai runtsa ba tun jiya."

Dogo ko ɗago kai bai yi ba. Katako na uku ke nan da ya ɓata. Zarton injin zai kama layi tiryan-tiryan, kafin a kai tsakiya sai ya zame hagu, fallen ya fito kai da kauri, gindi kamar takarda. Bango ɗaya ya raba shagon da ɗakin da mahaifinsu ke jinya. Shekara talatin shagon na Baba ne, shi ya koya wa Dogo riƙon guduma. Da hannun tsohon ya soma rawa, Dogo ya gaje wurin, ya hana shi ko zaman bakin ƙofa, wai tarinsa na korar masu ciniki.

"Shi ai kwance yake, ni ke da aiki." Sai kuma ya kashe injin, ya goge hannu a riga. "Yana iya magana har yanzu?"

Auta ta ɗauka dubiya zai je, har ta ji kunyar faɗan da ta ƙunso a baki. Ashe ba ta gama sanin Dogo ba. Da takalmi ya shiga, ko sannu babu, ya tsuguna daidai kunnen tsohon.

"Baba, zarton nan hagu yake ja. Na ɗaure shi tamau, na sassauta, duk ɗaya."

Baba ya daɗe yana tattaro numfashi.

"Tun safe nake jin kukansa. Ka ci ƙusa, haƙoran dama sun dushe. Sa sabo. Kuma ka daina tura katako kamar ana korarka, bar shi ya ci da kansa."

Dogo ya miƙe. Auta ta tare shi a bakin ƙofa.

"Don girman Allah ka bari sai gobe."

"In bai yi ba fa? Gobe wa zan tambaya?"

A gaban Baba ya faɗa, bai ko rage murya ba. Ba ta taɓa tsanar mutum irin haka ba.

Ba a jima ba injin ya tashi. Bango ya ɗauki rawa, ƙura na zubowa cikin kofin ruwan da ke gefen katifa. Auta ta toshe wa Baba kunnuwa da tafukanta, shi kuwa ya ture su da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ya kasa kunne, leɓensa na motsi, yana bin katakon daga farko har ƙarshe.

"Zarton ya miƙe," ya ce.

Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya.

Da injin ya yi shiru, ta jiyo Dogo ta bayan bango yana fito, yana jera fallaye. Ta shafe idanun Baba. Ruwan kofin ya daina kaɗawa, ƙurar ta kwanta a kansa.