Dodo Mai Kunne Ɗaya

Ranar ashirin da bakwai ga azumi Atika ta sauka a Sabon Gari daga Tsibiri, a bayan ɗan kabu-kabu, da rabin buhun garin alkama a cinya, ɗanta Auwal maƙale a bayanta. Tun daga ƙofar gida ake jiyo ta tana yi wa mai babur ɗin faɗa, wai da gangan ya bi da ita ta cikin ramuka. Duk shekara haka take zuwa gidan ƙanenta Idirisa, ita da matarsa Tahira su soya cincin da dubulan na Sallah, na gida biyu a kasko ɗaya.

Idirisa na jin su daga ɗakin zaure, inda ya tare tun da aka sallamo shi daga asibiti, yau kwana arba'in da ɗaya. Gyaran injin ban ruwa ne sana'arsa a lambunan Jiratawa, kuma ba wanda ya taɓa cewa bai iya ba. Rana guda ya yi abin da shi da kansa yake hana mutane, ya zuba wa inji esansi, wato fetur, tun bai huce ba, don wani mai lambun albasa na tsaye a kansa yana gaggawa. Wutar ta ci masa hannun dama da gefen fuska na dama, ta ja bakin ya karkace, kunnen kuwa ba a samu abin ɗinkewa ba. Lokotoro, wato likita, ya ce ya gode wa Allah da idon ya tsira, ya kuwa gode.

Ranar da ya dawo gida, ƴarsa Hidaya mai shekara huɗu ta fito da gudu za ta tarye shi. Ta tsaya cak, ta ce "dodo", ta shige ƙarƙashin gado. Daga ranar ba ta sake yarda ta dube shi ba. Zaure ba ta bin sa sai a goye, fuska cushe a bayan uwarta. Idan zai zaga bayan gida, sai Tahira ta fara shigar da ita ɗaki. Yarinyar da a da ba ta cin tuwo sai a cinyarsa ke nan, wadda yake ce wa Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci. Wannan ya fi ƙunar ci masa rai, nesa ba kusa ba.

Saboda haka ya yanke shawara, bai gaya wa kowa ba. Washegarin Sallah zai koma Jiratawa da zama. Wani mai lambu ya ce zai ba shi ɗakin da ake ajiye injuna a bakin ruwa. Zai riƙa aiko da cefane, yarinya kuma ta samu ta yi yawonta a gidan ubanta ba fargaba. Kayansa ma ya riga ya ƙulle a jaka ya tura bayan katifa.

Ɗakin zauren yana da ƴar taga mai kallon tsakar gida. Ta nan ya ga an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar bedi, an juye gari a babbar roba, an fasa ƙwai, an zuba madara da mai. Matsalar soye-soyen Sallah ɗaya ce, masu yi duk bakinsu da azumi, ba mai ɗanɗanawa. Shi ya sa ranar ƙananan yara ke da daraja. An jera su uku kamar alƙalai: Auwal ɗan shekara shida, Nafisa ƴar maƙwabta, sai Hidaya. Atika ta gutsura wa kowa ƙullun.

"Sukari ya ji?"

"Bai ji ba," in ji Auwal.

"Kai ko buhu aka juye hakan za ka ce. Ke Hidaya, ɗiyar kirki, mi kika ji?"

Hidaya ta tauna a hankali, ta yi tunani irin na manya, ta ce, "Ya ji. Gishiri ne kaɗan."

Aka ƙara gishiri. Aka murza da kwalba, aka yanka, aka soya. Har azahar ta wuce suna fama, Atika na kwashewa da matsami tana ba da labarin mutanen Tsibiri ɗaya bayan ɗaya, ba ta bar kowa da mutuncinsa ba. Sai da aka cika bokiti biyu sannan ta dunƙule ragowar ƙullun ta ajiye a faranti. Yara suka matso, don sun san abin da ya rage.

Al'adar gidan ce tun Atika da Idirisa suna ƙanana. Ragowar ƙullu na yara ne, su ƙera abin tsoro da shi, a soya musu, a rufe a kwano. Ranar Sallah in ƴan yawon barka da Sallah sun shigo, sai a miƙa musu kwanon a ce su buɗe. A yi ihu, a yi dariya, sannan a cinye abin tsoron daga kai. Bana ma yaran sun ƙoshi da kallon ƴan tashe masu shafe-shafen baƙin tukunya, kansu cike yake da dodanni.

Tahira ta rage murya, amma tagar ba ta da nisa. "Yaya Atika, bana a bar dodon ga. A yi musu kifi ko tsuntsu. Kin san halin da ake ciki."

"Tsuntsu? Wa ke tsoron tsuntsu?"

"Saboda Malam nake faɗi."

"Idi ba ƙwai ba ne da za ya fashe. Shi da hannunsa ya taɓa yin kura mai kai biyu a gidanmu, har Inna ta zubar da hura. Ku zo nan, ku."

Ta baza musu kayan aiki a murfin kwano: kanumfari na idanu, gyaɗa ɓararriya ta haƙora, riɗi, da ruwan zoɓo mai kauri na jini. Auwal ya yi kunama, ƙarin ya fi jikin girma, ya karye sau uku yana liƙawa da yawu har uwarsa ta make masa hannu. Nafisa ta murza maciji, ta ga da sauƙi, ta murza wani, ta murza wani. Atika ta ce da ita ko gidan macizai za ta buɗe.

Hidaya ta koma gefe da nata ƙullun, ta ba su baya. Ta daɗe. Da ta gama ta ɗauko a tafin hannu biyu ta kawo wa gwaggonta.

Fuska ce mai faɗi, da ido biyu na kanumfari. Gefe ɗaya sumul. Ɗaya gefen duk ta tsattsaga shi da farce ta shafe da zoɓo, ta ja bakin ƙasa. Kunne ɗaya ta liƙa, ɗayan wurin ta bar shi fayau.

"Wanga ai Kawu ne," in ji Auwal.

Tahira ta daka masa tsawa, ta miƙa wa Hidaya hannu. "Kawo in gyara miki, bai yi kyau ba."

Hidaya ta ja baya ta ƙanƙame abinta. Atika ta dubi ƙullun, ta dubi yarinyar, ba ta dubi taga ba ko da wasa. Ta karɓa a hankali, ta zura a mai da gefen matsami, ta tsaya a kansa tana juyawa har ya yi ja. Sannan ta tsame shi.

Idirisa ya gani sarai. Ya saki labulen tagar ya zauna a bakin katifa. Kunya ce ta fara kama shi, sannan baƙin ciki ya biyo baya. Ashe ko cikin wasa, in an ce da ƴarsa ta yi abin tsoro, shi take yi. Ya ce a ransa to shi ke nan, tafiyar ta tabbata.

Bayan la'asar kayan suka huce, yara suka ce sai sun ɗanɗana tun yau. Kunama ta rasa ƙarinta, maciji biyu suka tafi. Auwal ya kai hannu kan dodon Hidaya, ya buɗe baki zai gatsa daga kai kamar yadda aka saba. Hidaya ta fizge, ta rushe da kuka.

"Ba a ci! Kar a ci!"

"Dodo ne, cinye shi ake," in ji Auwal.

"Ba naka ba ne."

"To na wa ne?" Atika ta tambaya, tana tace mai a gwangwani. Yarinya ta ja hanci. "In kin san mai shi, kai mishi. Ni ba ni ajiyar kayan mutane."

Tahira ta ce, "Haba Yaya," amma Atika ta ci gaba da tatar manta.

Idirisa ya ji takun ƙananan silifa suna nufo zaure, suna tsayawa, suna sake tahowa. Ya laluba rawaninsa zai rufe fuska, sai ya ga labulen ƙofa a sake yake, ya bari. Ƙafafu biyu suka tsaya a waje. Ƴar tasa ta leƙo ta ƙarƙashin labule, hannu na tura ta.

"Ci."

Kalma ta farko ke nan da ta yi masa cikin kwana arba'in da ɗaya, ga shi kuma da azumi a baki, rana ko jan kirki ba ta yi ba. Ya san in ya ce a'a, ƙafafun nan za su juya, ba kuma lallai su sake dawowa ba.

"Uwata, azumi nake," ya ce. Tasar ta fara ja da baya. Ya yi sauri ya ƙara, "In kin aje a ƙasa kiyashi za su rufe shi, in kin maida Auwal ya cinye. Ki riƙe mini har a kira salla. Za ki iya?"

Can ya ji ta zauna daɓas a dokin ƙofa, ta ba labule baya. Shi ma ya sauko daga katifa ya zauna a ƙasa ta ciki, ba kusa sosai ba. Yana ganin gefen zanenta da diddigenta mai maiƙo.

A tsakar gida an ɗora kunu, Atika ta koma kan mutanen Tsibiri da murya sama, yadda ba wanda zai ce tana sauraren zaure.

"Muryarka irin ta Baba," in ji Hidaya.

"Ai ni ne."

"Kunnenka ina ya tahi?"

"Wuta ta ƙone shi."

"Za ya tsiro?"

Ya so ya ce e. "A'a, ba ya tsirowa."

"Ka yi kuka?"

"Na yi sosai. Har mutane suka ji ni daga hanya."

Ta yi ɗan tunani. "Ni ma ranar da kunu ya zubo mini na yi."

Daga nan ta ba shi labarin kunamar Auwal, da akuyar su Nafisa da ta haihu, da takalmin Sallarta mai fitila a diddige. Labarin kwana arba'in ne ya taru, ba ta bi shi a jere ba, shi kuma bai katse ta ba. Sau biyu Auwal ya leƙo, ta kare tasar da hannu ta ce ya tafi, ajiyar Baba ce.

Ladanin unguwa ya kira magariba. Idirisa ya zura hannunsa na hagu, mai lafiyar, ta ƙarƙashin labule, tafin a buɗe. Ba a sa masa komai ba. Sai labulen ya motsa, ta ɗaga shi ta shigo da kanta, idonta a kan tasa. Ta ɗago a hankali ta dube shi. Wannan karon ba ta gudu ba. Ta dubi dodon, ta sake dubansa, ta kawo tasar kusa da fuskarsa tana gwadawa.

"Ban yi daidai ba," ta ce. "Kai ta wancan gefen ne babu."

"Ba komai, Uwata."

Ta ɓalle kunnen guda da ke jikin dodon, ta nemi inda bakin ya fi buɗuwa, ta saka masa. Da shi ya buɗe baki ranar, ko ruwa bai kurɓa ba. Hawaye na zubo masa yana taunawa, bai ɓoye ba.

"Gwaggo ta ce ƙullu ya ƙare sai Babbar Sallah," in ji Hidaya, tana lasar yatsa. "Ranar ka hito tsakar gida ka zamna, in riƙa dubawa, in yi daidai. Kar ka tahi ko'ina."

Ya ce to.