Idon Biskit Ya Yi Fari

Da Delmar ya dawo daga shagon faci ya leƙa akwatin gilashin, sai ya ga abin da bai taɓa gani ba. Idanun Biskit sun yi fari fat kamar an ɗiga musu madara. Jan jikinta mai sheƙi ya koma launin toka.

Biskit macijiyar 'yarsa Junie ce, irin jajayen nan na gonar masara marasa dafi. Tun da aurensa ya mutu Junie ke wurin uwarta, uwar kuwa ta rantse maciji ba zai kwana gidanta ba. Shi ya sa Biskit ta zauna wurin Delmar, shi ya sa kuma Junie ke zuwa kowace Asabar. Delmar bai taɓa yaudarar kansa ba. Yarinyar ta kai shekarun da kotu ta bar mata zaɓin zuwa wurinsa ko ƙin zuwa, kuma ba faten masararsa mai ƙauri ke kawo ta ba.

Ya ciro ɓeran abincinta daga firij, ya jiƙa shi a ruwan ɗumi, ya miƙa mata. Ta kawar da kai. Ya sa hannu zai ɗauke ta, ta kai masa sara a babban yatsa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ya buga wa likitan dabbobi waya, aka ce su karnuka da shanu suke dubawa. Ya ɗaga wayar zai kira Junie, ya ajiye. Ya sake ɗagawa, ya sake ajiyewa.

Sai ya tsallaka titi ya kira kawunsa Roscoe, wanda ke zaune a baranda yana shan shayi mai ƙanƙara.

Tsohon ya sunkuya ya daɗe yana kallo. "To ai shi ke nan. Zafin Agusta ya makantar da ita. Tun muna yara mun sani, in zafi ya kai zafi macizai makancewa suke yi, su yi ta saran duk abin da ya gifta."

"Kawu, tana warkewa?"

"Ni likitan macizai ne? Wadda ba ta gani, ba ta ci, me ya rage? Ɗauko fartanya ka hutar da ita."

"Kawu, don Allah! Me zan ce wa Junie?"

"Kai dai ba ka da dabara, gadon ubanka ne. Irinta nawa ne a rumbuna suna cin ɓerayena kyauta? Ka kama ɗaya ka saka. Maciji ai maciji ne, ba katin shaida gare shi ba."

Delmar bai iya ɗaga fartanya ba. Ya sa Biskit a rigar matashin kai, ya kai ta bakin gona, ya zazzage ta a gindin shinge. Ta tsaya cak tana lasar iska, ba ta san inda za ta nufa ba. Ya juya da sauri don kada ya gani.

Sauran makon a rumbun Roscoe ya ƙare. Ya ɗaga buhuna, ya ture katakai, zanzaro ya harbe shi a wuya, tsohon na tsaye yana cewa, "Ga ta can! A'a, igiya ce." Da ƙyar ya kama wata mai tsawon Biskit. Ta yi masa kashi mai wari a hannu, amma ja ce, idonta garau.

Ranar Asabar Junie ta shigo da gudu, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta durƙusa gaban gilashin. Macijiyar ta naɗe tana kaɗa wutsiya.

"Baba, wannan ta wace ce?"

"Biskit mana. Zafi ne ya sa ta ɗan..."

"Biskit na da tabo a wuya. Ina take?"

Ya gaya mata komai, farin idon, ƙin abincin, saran.

Junie ta dube shi kamar ba ta taɓa ganinsa ba. "Saɓa za ta yi! Haka suke yi, ido ya yi fari, su daina ci, sannan ya washe su tuɓe tsohuwar fata. Ruwa kawai take so a bar mata. Ka jefar da ita waje ba ta gani? Ga shaho, ga karnukan Kaka Roscoe?"

"Ban sani ba, 'yar Baba."

"Me ya hana ka kira ni?"

Ta juya ta fice. Ya bi ta a guje zuwa gona.

Suka bi shingen da rarrafe, rana na dukansu. Delmar ya cusa hannu a kowane rami, ƙaya ta tsattsage shi, yana kiran "Biskit, Biskit" duk da ya san maciji ba ya amsa kira. Ya kutsa cikin masara ya fito, ya sake komawa. Can la'asar ya hango wani abu maƙale a gindin turken shinge, iska na kaɗa shi. Saɓa ce, doguwa, cikakkiya har da murfin idanu.

"Junie! Ga shi, ta yi! Tana raye, yanzu tana gani!"

Ta karɓa a tafin hannu biyu, ta juya ta a hankali.

"Tata ce ko?" in ji shi. "Ce mini tata ce."

"Gonar nan cike take da macizai, Baba."

Ta naɗe saɓar ta sa a aljihu. "Ka mayar da waccan rumbu. Ni kuma ka kai ni gida."

Ya ɗauke ta a motarsa a-kori-kura. Da suka iso ƙofar gidan uwarta ta buɗe ta sauka. Delmar ya leƙo ta taga.

"Gobe zan koma in duba. Jibi ma. Asabar in zo in ɗauke ki?"

Junie ta gyara jakarta a kafaɗa.

"In zo in ga wa?"