Cokali Uku

Kwana shida ke nan da aka sallamo Clairmont daga asibiti, kwana shida kuma bai ci abin kirki ba. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama masa dama, ya karkatar da bakinsa. Matarsa Ismay ta dama masa kunun ayaba, ya kau da kai. Ta yi farfesun kifi babu gishiri, yadda likita ya ce, ya datse haƙora.

'Yarsu Yonette, wadda ke aikin jinya a Landan, ta sauka garinsu New Amsterdam a rana ta biyu. Tun ba ta kwance akwatinta ba ta shiga kicin ta kwashe gishiri, da busasshen kifi, da kwalbar baƙin man yis ɗin nan da ake shafa wa burodi, ta kulle su a kabad.

"Har da wannan?" in ji Ismay.

"Mami, rabinsa gishiri ne. Likita ya ce kada gishiri ya taɓa bakinsa."

"Tun ba a haife ki ba yake cin abinsa."

"Yanzu dai an haife ni," in ji Yonette, ta jefa makullin a jaka.

Shekara arba'in da shida Ismay da Clairmont suna faɗa a kan kwalbar nan. Shi ya koyi cinsa ne lokacin da yake kukun Baturen gonar rake. A gasa burodi har ya yi ƙaras, a shafa bota tun da zafinsa, sannan a lakato man da tsinin wuƙa. Ita kuwa a wurin uwarta ta gada: cokali guda a dafa-dukar wake da madarar kwakwa, ko a dama a ruwan zafi a ba maras lafiya da mai jego. Yana kiran nata ruwan kwata. Tana kiran nasa karin kumallon marowata. Ya ce tana tsoma jiƙaƙƙen cokali a kwalba, ta ce shi kuma yana bar mata dattin bota a ciki. Ba su taɓa sayen kwalba biyu ba.

Ran kwana na bakwai da hantsi Yonette ta hau bas zuwa kemis. Ismay ta sauko ƙasan gida ta zauna a benci, hannu a cinya. Maƙwabciyarta Savitri tana shanya ta bayan danga.

"Ya ci?"

"Ko ruwa sai da dabara."

"Maƙwabciya, ba shi abin da ransa ke so mana. Ba shi kwaltar nan taku."

"Sista ta kulle."

Savitri ta yi tsaki ta shige gida. Jim kaɗan ta fito da kwalba sabuwa fil, ta miƙo ta saman danga.

"Ungo. Ɗana ya sako ta a durom ɗin kayan Kirsimeti da ya aiko daga ƙasar waje, ban san laifin da na yi masa ba. Wata bakwai tana nan, ko tururuwa ba ta kula ta ba. Ni da zan samu kwalekwale mai yoyo da tuni na liƙe shi da ita."

"Bakinki ne bai san daɗi ba."

"Na ji. Ku da kuka san daɗi, je ki ba shi kafin 'yar sandar ta dawo."

Ismay ta hau sama. Ta yanka burodi ta gasa a kasko, ta shafa bota. Da ta buɗe kwalbar sai ta tsaya. Duk safiyar duniya Clairmont yana yin abin nan a kan teburin nan, amma ita ko yaushe bayanta take ba shi, da gangan. Ba ta san yawan da yake sawa ba. Ta cika wuƙa ta laɓta, kamar mai shafa jam ɗin gwaiba, har burodin ya koma baƙi ƙirin.

Yana kwance an tokare shi da filo uku. Ya rame har agogonsa ya zame zuwa gwiwar hannu. Ta ajiye farantin a ƙirjinsa.

Hancinsa ne ya fara motsi. Ya buɗe ido, ya dubi burodin, ya daɗe yana dubansa. Sai hannun hagu ya taso a hankali, ya sa yatsa ya ja layi a tsakiyar baƙin.

"Fenti," ya ce, harshen na masa nauyi. "Fenti kike yi?"

Ismay ta zauna a bakin gado.

"Ji tsohon banza. Kwana shida ko sannu, yau da ka tashi buɗe baki sai tsiya."

"Wuƙa."

Ta ruga kicin ta ɗauko, gudun da ta manta tana iya yi. Ta fara kankarewa.

"Rage."

Ta rage.

"Rage."

"Clair, ai babu abin da ya saura."

"Rage, Mis Ismay."

Sai da bota ta fito rawaya ta ƙarƙashi, baƙin ya zama ɗan dishi-dishi kawai, sannan ya lumshe ido alamar ya isa. Ta gutsuro kusurwa ta sa masa a baki. Ya tauna ta gefen da ke aiki. Ya tauna, ya tauna. Maƙogwaronsa ya motsa, lomar ba ta wuce ba. Ya sake gwadawa, sai tari ya sarƙe shi, fuskarsa ta yi duhu. Ta tallabo shi gaba, ta sa yatsa ta zaƙulo burodin daga kumatunsa yadda Yonette ta nuna mata, ta share masa haɓa da gefen zanen gado.

Da numfashinsa ya daidaita ya dubi sauran burodin da ke faranti. Ta ɗauke farantin daga gabansa.

A kicin ta ɗora ruwa. Ta tsaya a kansa har ya tafasa. Rabin ƙaramin cokali na man ta dama a kofi, ta fifita har ya huce, ta koma ɗakin. Ta san abin da zai ce. Ta ma shirya amsarta tun daga bakin ƙofa.

Ta kai cokalin bakinsa. Ya buɗe.

Ya sha na farko. Ya sha na biyu. Ta dakata, ta ba shi lokaci ya yatsina fuska, ya ture hannunta. Idonsa na kan rufin kwano. Ya sha na uku. Na huɗun ya gangaro ta gefen baki ya jiƙa filo. Ya juya fuskarsa bango.

Tun daga matakala Yonette ta ji warin.

"Mami! Me kika ba shi? A ina kika samu?"

"Rage murya. Ya sha."

"Na ce miki..."

"Ya sha, Yonette. Cokali uku. Da kansa ya buɗe baki. Har magana ya yi, ya zage ni tas." Ismay tana murmushi, kofin na hannunta har yanzu. "Da yamma zan ƙara masa. Gobe sai mu gwada da ɗan shinkafa a ciki, a dama ta yi laushi."

Yonette ta ajiye ledar magani ta shiga ɗakin. Ismay na kallonta daga ƙofa. Ta riƙe wuyan hannunsa tana duban agogo. Ta ɗan tsunkuli fatar bayan hannunsa ta saki, fatar ta tsaya a tsunkule. Ta kara kunne a ƙirjinsa, ta daɗe a haka. Sannan ta gyara masa filo, ta fito ta wuce uwarta zuwa baranda, ta ciro waya.

Yayanta Orin ta kira, a Toronto.

"A'a, kada ka jira hutunka," ta ce ƙasa-ƙasa. "Nemi jirgin gobe. In babu, na jibi. Orin, aikina ne, na san abin da nake gani."

Ismay ta tsaya a bayanta. Ta dubi kofin, ta ajiye shi a kan dogarin baranda.

"Yonette."

Ta juyo, wayar na kunnenta.

"Ce masa ya taho da baƙar kwat ɗinsa ta zuwa jana'iza."