Usur ɗin Baba

Tun da kwaleji ta dakatar da Baba daga horar da 'yan ƙwallo, gidanmu ya yi shiru da safe. A da, in ya dawo daga masallaci yakan busa usur kaɗan a ƙofar ɗakinmu don ya tsokane ni, ni kuwa in rufe fuska da littafi in ce, "Baba, ka dame ni." Yanzu sai in farka in yi ta kasa kunne.

Zarginsa ake yi da sa Auwalu a gola ranar da suka ci 'yan Bakura. Auwalu ɗalibi ne, amma ya bar aji zango guda, ya koma garinsu Tsibiri ya riƙe gonar mahaifinsa da ciwo ya kwantar. Da ya dawo sai Baba ya mayar da shi raga. 'Yan Bakura suka kai ƙara, wai sojan haya ne.

Bappa Isa, ƙanen Baba, malami ne a kwalejin. Ya shigo da la'asar, ana gama gaisuwa Inna ta tare shi.

"Malam Isa, ku 'yan boko haka kuke yi? A tsige mutum, sannan a tambaye shi mi ya faru?"

"Ba tsige shi anka yi ba, matar Yaya. Cewa anka yi ya dakata har kwamiti ya zauna."

"Kwamitin da shugabansa kullum shina hanyar Gusau?"

Bappa ya yi dariya, sannan ya gyara zama. "To in an bar shi, aka gano da laifi fa? Duk wasan da yaran nan sunka ci sai a soke. Su ake karewa."

"Shi kuma wa ke kare shi? Mutum ya tsufa cikin rana da usur a baki!"

Baba yana kan tabarma yana goge takalmin da ba inda za shi da shi.

Ranar Asabar aka yi wasa da 'yan Maradun. An hana Baba shiga fili, sai muka tsaya bayan shingen waya, ƙarƙashin dogon yaro, ni da shi da Auwalu. Hannun Baba na cikin aljihu. Duk sanda aka yi kuskure sai in ga hannun ya motsa.

Da aka tafi hutun rabin lokaci an ci mu ɗaya. Yaran ba su nufi benci ba, suka zo bakin waya suka durƙusa.

"Koci, ya za mu yi?"

Baba ya dube su. "Ina wuninku," ya ce. "Ku koma wurin wanda anka ba ku. Ba ni da izni."

Suka tashi a sanyaye. Haka aka tashi wasan.

A hanyar gida ya ciro usur ɗin ya danƙa mini. Da ɗumi, har da gumin hannunsa.

"Hidaya, ɓoye mini shi har 'yan kwamiti su zauna. In yana wurina, wata rana zan busa."

Washegari na ji dawowarsa daga masallaci. Na je ƙofarsa, na sa usur a baki na hura. Ƙarar ta fito 'yar siririya, tana rawa.

Can sai na ji muryarsa daga ciki.

"Ba haka ake yi ba, ɗiyata. Cika kumatu. Sake."