Masu Kai wa Tongoa Haske

Shekara goma sha tara Leisale ta yi tana zama a bencin kusa da ƙofa a cocin da ke bayan gidan mai a Bundaberg, ba wanda ya taɓa tambayarta sunan tsibirinsu. Sai ranar Lahadin da Fasto Gavin ya tsaya gaban jama'a, ya lumshe ido, ya ce Ubangiji ya ɗora masa nauyin ƙasar Vanuatu a zuciya. Kafin a tashi sujada mutum tara sun rubuta suna za su je can aikin bishara. Kwana goma za su yi a hutun watan Satumba. Da yake ita kaɗai ce a ikilisiyar take da ɗan'uwa mai waya a can, sai nauyin Fasto ya sauka daidai kan ƙauyensu a tsibirin Tongoa.

Narelle Pickering aka ba jagorancin tafiyar. Mace ce mai shekara hamsin da 'yan kai, ba a ganinta sai da fayil a hammata, kuma ko gaisuwa za ta yi maka sai ka ji kamar umarni ne. Ita ta tare Leisale a wurin shan shayi, ta kama hannayenta biyu.

"Lisa, 'yar'uwa! Ke ce amsar addu'armu."

"Leisale ne sunan."

"Eh, shi nake nufi. Duk Asabar da ƙarfe biyu za mu riƙa haɗuwa, har mako shida. Ke za ki koya mana al'adun mutanenku."

"Ni ma zan bi ku ne?"

Narelle ta yi wani ɗan murmushi na tausayi. "Ayya, guraben na waɗanda suke bukatar su fita daga jin daɗinsu ne. Ke ai kin riga kin saba da wahalar."

Asabar ta farko Leisale ta zo da abin da za ta faɗa cike da baki: yadda ake gaida dattawa, inda mace ba ta ƙetarawa, wanda ake fara miƙa wa hannu. Ba ta samu faɗin ko ɗaya ba. Narelle ta riga ta kwafo shafi arba'in daga intanet, ta raba wa kowa, ta tsaya tana karanta musu cewa mutanen tsibirai ba su san lokaci ba, suna yawan murmushi, kuma suna tsoron aljanu. Duk ƙarshen sakin layi sai ta juyo ta ce, "Ko ba haka ba, Lisa?" Kafin Leisale ta buɗe baki an wuce shafi na gaba.

Asabar ta biyu aka koyi wanka da bokiti. Manyan mutane tara, da kayansu a jiki, suka jeru a bayan coci suna zuba wa ƙafafunsu ruwa da moɗa suna ihu. Kaylah, wata budurwa mai karatun gyaran gashi, ta ce ita fa tun yanzu ta fara jin Allah yana karya mata girman kai. Ta uku kuwa aka ce ranar sabawa da abinci ce. Tun da safe Leisale take gurza doya, ta matse madarar kwakwa, ta naɗe a ganyen ayaba, ta gasa laplap irin wanda uwarta take yi ranar Kirsimeti. Da ta sauke shi, sai suka kewaye shi suna kallo kamar an ajiye musu maciji. Fasto Gavin ya yi addu'a, ya roƙi Ubangiji ya ba su alherin cin duk abin da aka sa a gabansu. Kowa ya gutsuri kamar farce. Narelle ta rubuta a allo: kowa ya ɓoye biskit a jakarsa.

Mutum ɗaya ne ya ƙara, har sau biyu. Trevor Maddern, tsohon manomin rake ne da matarsa ta rasu bara, 'ya'yansa suka sa sunansa don ya daina zama shi kaɗai a gida. Ba ya magana a taro. Ya suɗe yatsunsa ya ce, "Da daɗi," ya koma kujerarsa.

Ana cikin haka amsar yayan Leisale ta iso. Kalmasei dattijon ikilisiya ne a ƙauyen, shekara talatin yana koyar da yara kafin ya yi ritaya. An rubuta masa cewa ya faɗi abin da suke bukata, shi kuma ya ɗauka da gaske ake. Ya yi godiya, sannan ya ce tun guguwar bara indararon makaranta ya karye, tankin ruwa yana nan lafiya amma ba abin da yake shiga cikinsa. In da wanda ya iya aikin bututu, da 'yan kayan haɗi, shi ke nan. Fenti kam, ya ce, kada su wahalar da kansu, don ayarin baƙi uku sun riga sun shafe makarantar a shekara huɗu.

Narelle ta karanta a fili, ta ninke takardar, ta sa a bayan fayil.

"Kun ga tawali'u? Ba ya so ya ɗora mana nauyi. Fenti dai za mu yi, shi ne aikin da kowa zai iya sa hannu, kuma yana kyau a hoto."

Riguna ma aka buga, shuɗɗa, da rubutu a ƙirji cikin Bislama, harshen mutanen can. So aka yi a ce sun zo su yi wa mutane hidima, Narelle ta ba na'ura ta fassara. Sai da aka buga guda goma sha biyu sannan ta ɗaga ɗaya ta nuna wa Leisale, don neman yabo, ba don neman gyara ba. Leisale ta karanta sau biyu. Abin da ke jiki shi ne: Mun zo ku yi mana hidima.

"Yaya kika gani?"

"Ban ga abin gyarawa ba," in ji Leisale.

Ranar Laraba da la'asar ta kira yayanta. Ta same shi a gona, tana jin kukan zakara a bayansa.

"Yaya, ka ce musu kada su zo mana."

Ya yi dariya har da tari. "A'a, ƙanwata, baƙo ake cewa kada ya zo? Mun gama shiri. An sallami aji biyu, a nan za su kwana. Matata ta bi gida-gida ta tattaro katifu tara. Zumuntar mata sun raba kansu, wasu dafa ruwan sha, wasu na wanka, don an ce mana ba sa iya wanka da ruwan sanyi."

"Ruwan daga ina, tunda tanki ba komai?"

"Daga rafi mana. Ƙafafu ai suna nan."

"Alade fa?"

"Biyu. Ɗaya na tarba, ɗaya na sallama."

"Kuma wasan kwaikwayo za su yi muku, Yaya. Su sa baƙaƙen kaya, a ɗaure su da sarƙa, surukin Fasto ya yafa tawul ya zo ya kwance su. Wai don ku gane waye Yesu."

"To, Allah ya ba su sa'a. Na bara ma sun yi irinsa, tsofaffi sun ji daɗi ƙwarai, har yau in an tuna ana dariya. Ki dai ce su taho da ƙwallo."

Ta ajiye waya ranta a ɓace, ba ta ma san da wa take fushi ba, da masu zuwan ko da masu tarbar.

Asabar ta ƙarshe aka ce za a gwada ɗan fim ɗin da za a nuna wa ikilisiya ranar addu'ar sallama. Kaylah ce ta haɗa shi da hotunan da ta tsinto a intanet. Aka rufe labule, wani kiɗa mai sa kuka ya tashi. Ga teku, ga yara ba takalmi. Sai ga wata bukka ta ganyen dabino, hayaƙi na fita ta rufinta, wata tsohuwa tsugune a bakin ƙofa. A ƙasa an rubuta: Gidan da bai san bege ba.

Leisale ta san tukunyar da ke gefen tsohuwar, don ita ta saya a Port Vila, babban birnin ƙasarsu.

"Tsayar da shi."

Kaylah ta daburce ta danna. Leisale ta miƙe, ita da kullum sai an ce ta ɗaga murya.

"Wannan uwata ce. Wannan kuma ɗakin girkinta ne. Gidanta na bulo yana bayan wanda ya ɗauki hoton, da ya waiwaya da ya gani. Shekara arba'in tana jan waƙa a coci. Kullum kafin rana ta fito tana kan gwiwoyinta, tana kiran sunayenku ɗaya bayan ɗaya, don yayana ya ba ta takardar. Kai Fasto, Gabin take ce maka." Ta juya ta dubi sauran. "Kakan kakana, nan garin aka kawo shi a jirgin ruwa yana yaro, ya sari rake a gonakin da kuke wucewa kullum. A nan ya ji bishara, ya koma da ita gida. Mun fi shekara ɗari da ita. Ruwa ne ba mu da shi. An rubuto muku, kun sa a bayan fayil."

Can sai aka ji wani ɗan sauti. Narelle ce, ta rufe fuska tana kuka.

"Mako shida ban huta ba," take cewa cikin shessheka. "Mako shida! Don ƙauna kawai nake yi."

Nan da nan mata suka yi kanta, wannan na shafa bayanta, wannan na miƙa mata ruwa. Fasto Gavin ya matso kusa da Leisale, ya sassauta murya kamar mai lallashin majinyaci.

"'Yar'uwa, mun ji ki, kuma mun gode da kika buɗe mana zuciyarki. Duk lokacin da za a yi babban aiki, Magabci yakan nemi ƙofar shiga. Bari mu yi miki addu'a."

Kafin ta ankara sun kewaye ta, hannaye a kafaɗunta, ana roƙon Ubangiji ya cire mata ɗacin rai. Narelle ma ta share hawaye ta sa nata hannun, ta ce ita dai ta yafe. Aka yarda a cire rubutun ƙasan hoton, a bar hoton da kiɗan.

A wurin ajiye motoci ta ji takun mutum a bayanta. Trevor ne, hularsa a hannu.

"Wancan bututun," ya ce, yana kallon ƙasa. "Yayanki ya faɗi faɗinsa?"

"Bai faɗa ba."

"Ki tambaye shi. Da tsawon rufin. In babu abin awo, ya auna da taku, zan gane."

Ta daɗe tana kallonsa. "Gonar wa ka gada, Trevor?"

"Ta kakana." Ya juya hular a hannunsa. "Na sani. Ki dai tambayo min."

Ta tambayo. Ranar tafiya da safe bas ya tsaya a gaban coci zai kai su filin jirgi a Brisbane. Jakunkuna sun cika farfajiya: burusan fenti, 'yar tsana ta hannu guda shida, sarƙar roba ta wasan kwaikwayo, tsofaffin rigunan sanyi da jama'a suka bayar don mutanen da gumi ke karyo musu tun safe. Narelle tana ɗora kowace jaka a sikeli. Ta Trevor ta wuce ƙa'ida da kilo huɗu. Da aka buɗe, sai ga mahaɗan bututu, gam, ƙusoshi da zarto.

"Trevor, wannan ba ya cikin tsari. Ka rage."

Ya durƙusa ya fitar da wanduna biyu, da takalmi, da gwangwanin biskit, ya miƙa wa Leisale ta ajiye masa. Ya sake ɗora jakar. Ta yi daidai. Narelle ta yi wani rubutu a fayil.

Aka yi hoto, aka yi addu'a, aka fara shiga. Har ta sa ƙafa a matakala, Narelle ta dawo da sauri ta kama hannun Leisale, kamar ba abin da ya taɓa shiga tsakaninsu.

"Lisa, wata alfarma. In kin shiga aiki ki leƙa min Mama, ki gaya mata na tafi aikin Ubangiji. Na so in je da kaina, amma kin ga yadda abubuwa suka yi yawa."

A gidan kula da tsofaffi da ke ƙetaren kogi Leisale take aiki. Shekara uku ke nan ita ke yi wa uwar Narelle wanka, ta taje mata kai, ta ba ta abinci a baki. Daga gidan Narelle zuwa can tafiyar minti goma ce a mota, rabonta da zuwa kuwa tun Ista.

"Zan gaya mata," in ji Leisale.

Bas ya tashi, suna ta ɗaga hannu ta taga, har sun fara waƙa. Ta sa kayan Trevor a bayan motarta, ta wuce aiki. Ta tarar da tsohuwar zaune a bakin gado, ta sa rigarta a baibai, tana kallon ƙofa. Leisale ta gyara mata rigar, ta ɗauko mataji, sannan ta isar da saƙon kamar yadda aka ba ta.

Tsohuwar ta juyo ta dube ta.

"Wace Narelle?" ta ce.

"'Yarki, Mama."

"Oho. To, ki taje a hankali, jiya kin ja min."